Yinin hutu a kwatar Yauri kafin a shiga tafkin Kainji

Wanda ya taso daga saman kogi, wajen Dole Kaina ko Lolo, ya biyo kogin Kwara da jirgin katako mai inji da niyyar gangarawa tafkin Kainji, a Yauri ya kamata ya yada zango na yini guda cur. Haka muke yi, kuma muna ce masa ranar hutu, amma suna ne kawai. Jirgi ne ke hutawa da tafiya, mutanensa kuwa ba ranar da suka fi shan aiki kamarta. Daga Yauri kogi ke buɗewa ya zama tafki, kimanin kilomita 130 zuwa madatsar ruwa. Garin kuma yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta nufi Koko da Jega, saboda haka akwai mai, akwai makanikan inji, akwai masassaƙa jirgi, abin da babu kuma ana iya aikawa direban mota ya kawo kafin la'asar. Idan ka wuce nan abu ya lalace maka a tsakiyar ruwa, daga kai sai filafili.

Jirgin da zan yi bayani da shi na katako ne, tsawonsa wajen ƙafa 40, da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, mutum biyar a ciki da kayansu. Lokacin kuma ƙarshen bazara ne zuwa farkon damina, sa'ad da ruwa ya ja, hadari kuma ya fara haɗuwa da yamma. Mai babban jirgi ko mai inji 75 sai ya ƙara lissafinsa, amma tsarin aikin ɗaya ne.

Aikin yana farawa tun yammacin da aka iso. Muna ƙoƙari mu shigo kwata kafin ƙarfe shida, don dokar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta hana tafiyar dare, kuma ko ba doka, ɗaure jirgi cikin duhu a wurin da ba ka san ƙasansa ba neman magana ne. Kafin a kafa turke sai matuƙi ya sauka ya gai da manyan kwata, ya tambayi inda baƙo ke ɗaurewa. Kowane jirgin fasinja yana da gurbinsa, idan ka tsaya a wurin wani za a tashe ka da asuba lokacin da ka baje kaya. Nan ne kuma ake biyan abin da ake biya, a san wanda ke gadi da dare.

Igiya biyu ake ɗaurewa da ita. Ta goshi tana zuwa turken ƙarfe ko na itace da aka kafa a karkace, kansa yana kallon tudu, ta baya kuma tana zuwa anga da aka jefa cikin ruwa, don kada jirgi ya juya ya kwanta a gicciye ya riƙa bugun na kusa da shi. Yauri a gaɓar gabas take. Hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa tana ture jirgi daga tudu ta yi cikin kogi da shi, don haka igiyar goshi ce ke ɗaukar nauyin duka, ita ake ninkawa biyu idan sama ta yi baƙi. Iskar damina ta yau da kullum kuwa daga kudu maso yamma take zuwa, tana koro igiyar ruwa zuwa gaɓa, nan kuma anga ce ke hana gindin jirgi dukan ƙasa. Tsohuwar taya biyu ko uku a rataye a gefe sun isa su raba ka da rigimar maƙwabci.

Abu biyu ake yi kafin a kwanta, kuma su ne ma'aunin aikin gobe. Na farko, a soke kara daidai bakin ruwa. Da safe karan zai nuna ko ruwa ya ja ko ya ƙaru. A lokacin jan ruwa, jirgin da aka tura goshinsa sosai kan yashi yana iya wayar gari rabinsa a tudu, kuma katako mai kaya a ciki ba ya son zama haka, haɗinsa buɗewa yake. Na biyu, a kwalfe ruwan cikin jirgi tas har a goge da tsumma, a duba agogo. Da asuba sai a kwashe abin da ya taru da bokiti ana ƙirgawa. Jirgin katako bai rasa tsatsafowa, bokiti ɗaya ko biyu a dare ba abin damuwa ba ne a jirgi irin wannan. Idan ya kai biyar ko shida alhali jirgi yana tsaye cikin ruwa mai kwanciya, to a tafki inda igiyar ruwa ke murɗa shi zai ninka haka sau da yawa, kuma an san aikin da za a fara da shi.

Bayan sallar asuba ba a zama shan shayi tukuna. Duk aikin da ke buƙatar bushewa, da duk wanda ka iya jawo aike zuwa wani gari, da sanyin safiya ake buɗe shi. Shi ya sa muke raba hannu: mutum uku kan jikin jirgi, biyu kan inji, kasuwa kuma sai rana ta ɗaga. Masu fara zuwa kasuwa da safe su dawo su kwance inji da azahar su ne ke ƙara kwana biyu a Yauri suna jiran ɗan ƙaramin sil, robar nan da ke hana ruwa shiga giyar inji.

Ana sauke kaya duka a jera kan tamfol, a ɗaga allunan daɓe, a sake goge cikin jirgi. Sai mutum ya durƙusa da tocila ya bi haɗin katako ɗaya bayan ɗaya, tun jirgin yana kan ruwa. Inda ke yoyo za ka ga ɗigo ƙanana sun jeru a kan layin haɗin kamar zufa a goshi, ka share da yatsa, kafin ka ƙirga goma sun dawo. A yi wa wurin alama da gawayi ko alli, a ciki da kuma daidai saitinsa a baki, don da zarar an fitar da jirgi tudu ba za a sake gane shi ba. Wuraren da suka fi yi su ne inda katakon ƙasa ya haɗu da na gefe, da gindin allon da ake ɗaura inji, saboda girgiza, da kuma kewayen tsofaffin ƙusoshi da tsatsa ta cinye ta bar rami. Ana kuma bin katakon da tsinin wuƙa. Lafiyayyen maɗaci ba ya karɓar wuƙa. Inda ta nutse kamar cikin rogo, ruɓa ce, kuma ruɓa ba a liƙe ta, yankewa ake yi a sa sabon guntu.

Fitar da jirgi yana son mutum goma ko fiye, da gungumen itace uku ko huɗu a ƙarƙashi yana mirginawa a kansu. Samarin kwata sun saba, a yi ciniki da su tun kafin a ɗora hannu. A cire inji tukuna. Idan an karkata jirgin a tokare shi da kyau, kada kowa ya shiga ƙarƙashi yana dogare da itace ɗaya.

Tsohon liƙi ake fara ƙwaƙulewa har a ga farin katako. Sai a bar wurin ya sha iska, ko a bi shi da ɗan garwashi a cikin kwano, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, za ta yi kamar ta kama, kwana biyu ta ɓare kamar ɓawon rake. Daga nan a murza auduga ko zaren tsohon bargo ya yi kaurin yatsa, a tura shi cikin haɗin da ƙarfe mai faɗin baki marar kaifi, ana bugawa a hankali da guduma. A nan ake gane gwani. Idan an tura kaɗan ruwa zai fitar da shi, idan an dunƙula da yawa kuma, ranar da katako ya sha ruwa ya kumbura audugar za ta zama kamar tsinke a tsakani, ta ture ƙusa ta buɗe haɗin da ke gaba. Masassaƙin da ya yi mana na ƙarshe, dattijo ne, da kunne yake aiki: yana bugawa yana saurare, da sautin ya tashi daga "bus" ya koma "ƙwas" sai ya matsa gaba. Bayan auduga sai narkakkiyar kwalta da zafinta, sannan idan tsagar tana da faɗi a rufe da sillen kwano, a jera ƙananan ƙusa kusa da kusa, tazarar yatsa biyu. Wutar narka kwalta a hura ta nesa, ta inda iska ba za ta kai tartsatsi wajen jarkokin mai ba.

Kuskuren da baƙi ke yi shi ne su bar jirgi a tudu yini guda wai ya bushe sosai. Ranar Yauri a watan Afrilu ko Mayu tana tsotse katako cikin sa'o'i kaɗan, ka gyara haɗi ɗaya biyar su buɗe. Gefen da ba a aiki a kansa a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ana yayyafa ruwa, kuma da kwalta ta daskare a mayar da jirgi ruwa. Mu dai ba ma bari ya wuce azahar a waje.

Su kuma masu inji, suna rataye shi tsaye a kan gungume ko benci mai ƙarfi a inuwa. Kafin a taɓa farfela a zare kawunan fulogi, don injin nan yana iya tashi da juyin hannu. A miƙe fin ɗin da ke riƙe noti a zare shi, a tokare farfela da guntun katako, a kwance noti, a jera washa yadda aka ciro su don kada a juya su wajen mayarwa. Abin da ake nema yana bayan farfela: zaren taru da na mamari. Kwara cike take da kayan masunta, kuma zaren roba idan ya naɗe a sandar farfela zafi yana narka shi ya zama wani baƙin zobe mai tauri, ya riƙa cin sil a hankali har ruwa ya sami hanya. Daga waje ba a ganinsa, sai an cire farfela. A yanke shi da reza a hankali kada a ƙarasa sil ɗin, a goge sandar, a shafa giris. Kunnen farfela da ya ɗan lanƙwashe ana iya daidaita shi, amma wanda ya guntule a canza, domin girgizarsa ce ke kashe boris. Fin kuma sabo ake sakawa, wanda aka lanƙwasa sau biyu karyewa yake.

Man giya shi ne mai faɗin gaskiya. Akwai sukurori biyu a ƙafar inji, ɗaya ƙasa ɗaya sama. A ajiye farin kwano, a kwance na ƙasa, sannan na sama, mai ya zubo. Idan ya fito ruwan zuma ko ya yi duhu kawai, lafiya, tsufa ne. Idan ya fito fari-fari kamar an dama fura da nono, ruwa ya shiga, kuma ruwa ba ya tsami banza, sil ya tafi. Kan sukurin ƙasa yana da maganaɗisu, ɗan laushin garin ƙarfe a jikinsa ba komai, amma idan ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi mai kaifi, haƙoran giya ne ke ci, kada a shiga tafki da shi sai makaniki ya buɗe. Wajen zubawa, ta ramin ƙasa ake tura mai, lamba 90, har ya ɓullo ta na sama. A ɗaure na sama tukuna, sannan a zare bututu a yi maza a ɗaure na ƙasa. Wanda ya zuba ta sama iska ce za ta cika rabin wurin, ya ɗauka ya cika. Injin 40 ba ya shan rabin lita, kuma ƙa'ida a canza duk bayan sa'a 100 na aiki. 'Yan zobban da ke ƙarƙashin sukurorin ma a sabunta su, sau da yawa ta nan ruwan ke shiga ba ta sil ba.

Fulogi biyu ne, kuma kowanne yana ba da labarin silindarsa. Ruwan ƙasa a baki, ƙonewa daidai. Baƙi mai danshi, baƙin man da ake haɗawa da fetur ya yi yawa ko an daɗe ana tafiya a silo. Fari fat kamar toka, inji yana zafi ko mai ba ya isa, wannan ya fi baƙin haɗari. Wanda ya fito tsaf kamar an wanke shi, har da ɗigon ruwa, gasket ɗin da ke toshe haɗin kan inji ya ƙone ruwa yana shiga. A ɗaura da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara kwata zuwa rabin juyi da sifana, kada a danne, kan injin alminiyon ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. A sayi sababbi biyu masu lamba ɗaya da na ciki a ajiye a leda.

Sai hanyar ruwan sanyaya inji. Ragar da ke gefen ƙafa a goge ta da tsohon buroshi, ciyawa da leda ke toshe ta. A tayar da inji a cikin duro mai ruwa, ko bayan an mayar da shi kan jirgi, a kalli fitsarinsa, wato ruwan da yake tsartowa ta wani ɗan rami. Ya kamata ya fito da ƙarfi, a miƙe, da ɗumi kaɗan. Idan yana ɗiga ko yana yankewa, a fara zura siririyar waya a bakin ramin, don wani lokaci yashi ne ko zanzaro ya yi gini. Idan bai gyaru ba impela ce, robar nan mai fukafukai da ke cikin ƙafa. A lokacin jan ruwa yashi ke cinye ta, saboda ana yawan bi ta wuri marar zurfi. Canza ta aikin sa'a ɗaya ne a wurin wanda ya iya, kuma kada a yarda wani ya ce bari ya "ɗan ji ƙararsa" a tudu ba ruwa, daƙiƙa kaɗan sun isa su ƙone sabuwar impela. Daga nan a kwance kofin tace mai a zubar da abin da ya kwanta, a sassauta sukurin gindin kafireto a tsiyaye shi, a matsa robar famfon mai a ji ta yi tauri, a bi tiyo a ga ko ya tsage. Igiyar tayarwa a jawo ta har ƙarshe a duba, kusa da hannu take fara cinyewa. Idan an mayar da inji a ɗaure maƙallansa tam, a kuma ƙara masa sarƙa ko igiya zuwa jikin jirgi. Inji ya buge kututture ya yi tsalle ya faɗa ruwa ba sabon labari ba ne.

Lissafin mai da sa'a ake yinsa, ba da nisa ba. Injin 40 idan an buɗe masa totur duka yana shan kusan lita 20 a sa'a. Da kaya, a kashi uku cikin huɗu na totur, namu yana shan 13 zuwa 14, yana tafiyar kilomita 13 ko kusa da haka. Ke nan daga Yauri zuwa ƙasan tafki sa'a goma ce, wajen lita 140. A kan wannan muke ƙara sulusi saboda iska da kewaye da ɓatan hanya, ya zama jarka takwas masu lita 25. Sa'a goma ba ta shiga tsakanin shida da shida idan aka cire salla da tsaye-tsaye da hadarin yamma, shi ya sa muke raba tafiyar biyu mu kwana a garin Wara da ke bakin tafkin. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka fara rage wannan ƙarin na ajiya, kuma a ganina nan ne wurin da bai kamata a yi tsimi ba.

A gidan mai ake saye idan da hali. Idan dole sai na bumburutu, a zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye minti biyar: ruwa zai kwanta a ƙasa ya yi layi, wanda aka haɗa da kananzir kuma idan ka ɗiga a tafin hannu ba ya bushewa da wuri, yana barin maiƙo. Haɗi kashi ɗaya ne cikin 50, wato rabin lita na baƙin man inji mai bugu biyu a jarka mai lita 25. Sabon inji ko wanda aka yi wa sabon zobe, lita ɗaya a jarka har ya yi sa'a goma. Baƙin mai ake fara zubawa da fetur kamar lita biyar, a girgiza, sannan a cika, ta mazurari mai ƙyalle a baki. Kada a cika har wuya, a bar yatsa huɗu, zafi yana kumbura jarka. Duk wadda aka haɗa a ɗaura mata tsumma a hannu nan take, don rikicewa a zuba wa inji tsuran fetur ya fi kowane kuskure tsada. Baƙin man mota kuwa, ko da shi kaɗai ya rage a gari, yana barin gawayi a fistin ya liƙe zobe.

Kasuwa ba ta da wuya. Shinkafa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, sukari, ganyen shayi, albasar nan ta Gungawa da ba ta saurin ruɓewa, da bandar tarwaɗa wadda aka karya aka ga cikinta a bushe ba tsutsa. Ruwan sha lita huɗu ga kowane mutum a yini a wannan zafi, ban da na girki, mutum biyar kwana uku jarka uku ke nan. Ruwan kogi sai an sa alif ya kwanta an kuma tafasa. A kai wayoyi da tociloli caji tun da hantsi, a ciri kuɗi a hannu, domin a tungaye da yawa ba sabis balle taransifa. A ƙara ƙusa inci uku rabin kilo, da guntun kwano, da curin kwalta, da sabulun wanki, wanda ake cusawa a ƙaramar tsaga ya riƙe har a kai gaɓa.

Tsakanin azahar da la'asar ne kaɗai hutun gaske. A yi wanka da ruwan rijiya ko na famfo, a bar na gefen kwata inda ruwa ke kwance da ciyawa, nan ake ɗaukar tsargiya. A wanke tufafi, a shanya tabarmi da gidan sauro. Wanda ya kwana uku ƙafarsa cikin ruwan jirgi ya duba tsakanin yatsu, ya busar ya shafa mai. Mai gudawa a haɗa masa lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, mai zazzaɓi kuma ya je a gwada jininsa yau, kada a tafi da shi a kan zato. Ga masu tambaya, zaman yini ɗaya ko biyu ba ya yanke ƙasaru, a mazhabar Malikiyya sai an yi niyyar kwana huɗu, amma wanda ya bi limamin gari sai ya cika.

Bayan la'asar jiragen da suka taso daga Wara da Malale da tungayen Sarkawa suke shigowa, kuma wannan sa'ar ta fi duk abin da aka saya a kasuwa daraja. Matuƙi ya ɗauki goro ya je ya zauna da su. Ba a tambayar "hanya lafiya?", don amsar "lafiya lau" ce ko da ba haka ba. Tambaya ake yi ɗaya ɗaya: "Baba, ta wane gefen tsibirin kuka biyo yau? Gora nawa ruwan yake a mashigin? Ina aka zuba taru? Ina dorina ta haihu?" Lokacin da tafkin ya cika a 1968 ya haɗiye garuruwa da gonaki da itatuwa, har tsohuwar Bussa, kuma ba duka itatuwan aka sare ba. Tsakanin cikar tafki da ƙarshen jansa ruwa yana sauka wajen mita goma, saboda haka hanyar da ka bi lafiya a watan Janairu, lokacin baƙin ruwa, wato cikar da ke zuwa da rani daga saman kogi, a watan Mayu kututture ne ke jira taƙi ɗaya a ƙarƙashi. Wanda ya biyo ta yau shi kaɗai ya san yadda take. A wurinsu kuma ake jin labarin tsaro, wace gaɓa ake kwana, wace ce ba a tsayawa ko da rana. Kafin a tashi a bar wa wani amintacce a kwata lambar waya da sunan inda za a kwana gobe.

Lodi da sauran haske ake yinsa. Masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, jarkokin mai a baya kusa da matuƙi, a tsaye, a ɗaure, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, murhu kuma can gaba. A bar gurbi ɗaya a buɗe har ƙasa a wuri mafi zurfi, inda mai kwalfe ruwa zai tsaya da bokiti ba tare da ya ɗaga komai ba. Idan an gama mutum ɗaya ya koma tudu ya kalli jirgin daga nesa: kada ya karkata, goshi ya ɗan fi baya ɗagawa, kuma daga ruwa zuwa baki kada ya gaza kamu ɗaya a tsakiya. A kogi ana tsira da ƙasa da haka, a tafki kuwa iska na tayar da igiyar ruwa cikin minti kaɗan. A kwata ba a rasa mai cewa "Maigida, buhu biyar ne kawai, ka sauke mini a Wara." Idan ma'aunin ya cika, amsar ita ce a yi haƙuri. Mutanen wannan yanki ba su manta da 26 ga Mayun 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, mafi yawansu ba su fita ba.

Rigunan ruwa, wato na hana nutsewa, a fito da su a gwada ɗaya ɗaya, a ja maɗaurai da ƙarfi, don rana tana cinye zaren ya tsinke a hannu. Wadda sosonta ya lotse ya daina dawowa ta gama aiki. A rataye su inda kowa zai saka kafin a tura jirgi, filafilai biyu da gora kuma a saman kaya.

Da magariba a sake kwalfe jirgi tas, a sake soke kara. Mutum biyu ke kwana a ciki, inji a kulle da sarƙa. Da asuba a ƙirga bokiti a gwada da na jiya, yanzu da kaya a ciki haɗin sama ma ya shiga ruwa, idan akwai wanda aka tsallake yau zai nuna kansa. A dubi gabas. Idan akwai baƙin hadari ko walƙiya a ƙasa-ƙasa a jira ya wuce. Idan sama garau take, a buɗe numfashin tanki, a matsa famfo, a ja cok, a tayar, a bar inji ya yi minti uku a silo ana kallon fitsarinsa. Anga ake fara cirowa idan iska daga tudu take, igiyar goshi a ƙarshe, a tura da gora har ruwa ya kai ƙugu kafin a sa giya.